Gambar da Na Kulle

Ruwan bana ya ɗauke da wuri. Tun watan Satumba bai raba ba hadari ya daina haɗuwa a gabashin Samaru, dawa ta tsaya da ciki, masu sayar da ciyawa a bakin titi kuwa suka rage girman dami. Cikin makon nan maƙwabcina Malam Haruna, wanda ya ajiye aikin tuƙi ya sayi bijimai biyu yana kiwatawa, ya kira ni in ga abin da yake kira arzikinsa. A bayan gidansa akwai filin da mai shi bai gina ba. Tun farkon damina ya kewaye shi da ƙaya, ya hana ko akuya shiga. Gamba ta tashi a ciki ta wuce tsawon mutum, ta fitar da kai.

"Baba, dubi ikon Allah," in ji shi. "Bana tsakanina da mai harawa sai gaisuwa. Wannan za ta kai ni har ruwa ya sauka."

Na kama kara ɗaya, sai da na murɗa shi sau uku kafin ya rabu da gindinsa. Na miƙa masa, na ce ya tauna.

"Haba Baba, ni sa ne?"

"Tauna, ka gaya mini abin da ka ji."

Ya tauna, ya tofar. "Babu komai. Kamar tsinken tsintsiya."

"To, abin da bijimanka za su ji ke nan har wata bakwai."

Ya yi mini irin dariyar da ake yi wa tsoho idan ba a so a yi masa musu. Ban ga laifinsa ba. Ni ma an taɓa gaya mini wannan magana ban ji ba. Bambancin kawai shi ne, dabbobin da ke hannuna a lokacin ba nawa ba ne.

Shekara arba'in da 'yan kai ke nan. Ina shugaban wata makarantar firamare ta mishan a Sabon Gari, ina zaune a Samaru da matata Rifkatu, kullum ina kai da komo a kan keke. Gidaje tara na ikilisiyarmu suka haɗa shanunsu, kai goma sha ɗaya, aka ari fili a bayan ƙauyen Bomo domin a yi kiwonsu wuri ɗaya. Yau idan ka je wurin ɗakunan haya na ɗalibai za ka tarar, rafin da ke gefensa kuma ya koma lambatu. A lokacin nan daji ne mai kyau. Dattawan ikilisiya suka ɗora mini kula da garken saboda dalili biyu: na karanta aikin gona a kwalejin horon malamai, kuma an san ba na ɗaga wa kowa ƙafa. Muka ɗauki makiyayi, wani Bafulatani mai suna Ja'e, wanda annoba ta cinye masa garke. Ya girme ni da kamar shekara goma. Ba shi da yawan magana, ba shi kuma da tsoron faɗin ta.

Cikin shanun akwai wata farar saniya da ake kira Kyauta. Ta Gwaggo Tabita ce, wata gwauruwa da ke zaune a ɗaki ɗaya kusa da layin dogo a Sabon Gari. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, saniyar kuwa ita ce abu na ƙarshe da ya saya kafin ya rasu. A hannun Gwaggo akwai jikarta Ladi, jaririyar da uwarta ta rasu ta bari. Ranar da aka kawo saniyar, Gwaggo ta riƙe igiyar da kanta ta sa mini a hannu.

"Malam, ga ta nan. Ba ni da gona, ba ni da ɗa namiji. Ita ce gonata, ita ce ɗana."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, domin abin da aka ba ni amana bai taɓa lalacewa ba. Haka na faɗa, a gaban mutane.

Na raba filin kashi huɗu da waya mai ƙaya. Uku na kan tudu ne, harkiya da kyasuwa da burburwa a gauraye. Na huɗu shi ne na bakin rafi, baƙar ƙasa, gamba zalla. Shi na sa wa ƙyaure da kwaɗo, na jefa mabuɗin a aljihu. Shirina ba shi da wuyar fahimta: shanu su ci uku da damina, na huɗu ya zama rumbunsu na rani. A makarantar kwana ta mishan inda na tashi, ba a barin loma a kwano, ba a kuma taɓa abincin gobe a yau. Wanda ya cinye rabonsa da safe ya kwana da yunwa, babu mai tausaya masa. Da wannan tarbiyya na dubi ciyawa, na ga ba ta da bambanci da hatsi.

Damina ta fara lafiya. Kyauta tana ɗauke da ciki. Kowace asuba nakan tashi, mu yi addu'a da Rifkatu, in hau keke zuwa Bomo cikin raɓa, in zaga shingaye huɗun ɗaya bayan ɗaya, in duba waya, in duba kaska a kunnuwan shanu, sa'an nan in wuce makaranta. Cikin watan Yuli gamba ta kai gwiwa. Ganyenta kore shar, mai laushi, idan ka matse shi ruwa ya jiƙa maka yatsa. Shanu sukan jeru a bakin waya suna miƙa wuya, har wasu suka yi rauni a maƙogwaro.

Wata safiya Ja'e ya tare ni a bakin ƙyauren.

"Malam, buɗe mana wannan. Yanzu ne take nono."

"Ta rani ce."

"Ciyawa ba ta san rani ba. Kwana biyar su ci, mu fitar da su. Kafin wata guda ta dawo kamar ba a taɓa ta ba, su sake shiga. Waɗancan ukun kuma su sami numfashi. Je ka duba, har saiwa suke tumɓukewa."

"Ka taɓa ganin mai hankali ya fasa rumbu da damina?"

"Rumbu na hatsi ne. Hatsi tsufa ke mai da shi abinci. Ciyawa kuwa tsufa ke fitar da ita daga abinci. Da ta yi kai, ƙarfinta ya bar ganye. Abin da za ka ajiye, jiki ne ba rai."

Raina ya ɓaci, domin yana maganar ne a gaban wani dattijon ikilisiya da ya rako ni. Na ce masa, "A wace makaranta ka karanta wannan?"

"A bayan saniya, Malam. Shekara arba'in ban yi fashi ba."

Dattijon ya yi dariya, ni ban yi ba. Mabuɗi ya ci gaba da zama a aljihuna.

Da marka ta kusa ƙarewa Ja'e ya sake zuwa. Gamba ta kai ƙirji, ta fara kumburin kai. Ya ce in ba za a bar shanu su ci ba, to a tara mutane da lauje cikin makon nan a yanke ta, a shanya a kan rumfa inda iska ke ratsawa, a yi ingirici tun da sauran kore a jikinta. Na ƙi. Na taɓa ganin ciyawar da aka yanka da marka ta ruɓe ta yi baƙi, kuma na lissafa a raina cewa nan da wata guda za ta ninka yawanta. Da na ba Rifkatu labari tana tankaɗe, ta dakata ta dube ni.

"Malam, mutumin nan fa cikin shanu aka haife shi."

"Ni kuma aka ba amana."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Ta san ni.

Ruwa ya ɗauke kamar na bana, sai dai ya fi na bana muni. Kullum da la'asar gabas ta yi duhu, a ji rugugi daga nesa, mata su kwashe shanya, sa'an nan iska ta taso ta watsa komai. Dawa ta bushe a tsaye. Gyaɗa, idan ka tuge ta, kwanso ne babu ƙwaya. Wake bai yi yaɗo ba, saboda haka harawa ta zama abin ɓoyewa. Manoman Bomo da suka saba barin shanu su shiga gona bayan girbi suka kwashe har karmami suka ɗora a kan itatuwa da rufin ɗaki. Shingayenmu uku kuwa, da shanu suka kwana suka wuni a kansu tun farkon damina ba hutu, suka koma fili fetal, ƙasa ta daddale kamar daɓe.

Ni ban damu ba. Ina da rumbu. Cikin kaka Kyauta ta haifi maraƙi, nono ya zo, kowace safiya Ja'e ya tatsa, in biya gida Rifkatu ta dafa, in cika kwalba in kai wa Gwaggo Tabita kafin a buga ƙararrawar makaranta. Ladi ta fara yin kumatu.

Bayan Kirsimeti na gayyaci dattawan ikilisiya, muka tsaya a bakin shinge na huɗu. Gamba ta yi ruwan zinariya, ta fi kowannenmu tsawo. Aka yi addu'ar godiya, wani ya yabi hangen nesana, na buɗe kwaɗo. Shanu suka kutsa suka ɓace a ciki, sai motsin ciyawa kake gani. Ja'e yana tsaye a gefe, ya sagale sandarsa a wuya.

Mako biyu suka yi suna zage busasshen ganye daga jikin kara. Da ganye ya ƙare suka koma kan karan. Duk wanda ya hango su daga nesa sai ya ce sun ƙoshi, domin cikkunansu sun yi tim, kuma ba sa daina tuƙa. Sai ka matso za ka ga sauran. Tozo ya fara saki, ya karkata gefe. Haƙarƙari ya fito ɗaya bayan ɗaya. Gashi ya tashi tsaye, ya dushe. Suka shiga lasar ƙasa, suna tauna tsumma da tsohon ƙashi duk inda suka samu. Wata rana Ja'e ya ɗauki kashin Kyauta, wanda ya zama dunƙule mai tauri, ya ɓare shi a gabana. Zaren ciyawa ne a ciki, dogo dogo.

"Ka gani, Malam? Yadda ta shiga haka ta fita. Hanya kawai ta bi."

Na kawo kanwa da gishiri, suka lasa, suka ƙara shan ruwa, ba su ƙara tsoka ba. Nonon Kyauta ya sauka daga kwalba cike zuwa rabi. Ita ta fi kowace wahala, domin abin da ciyawa ba ta ba ta ba, daga jikinta take cirowa ta zuba a hantsa. Ja'e ya ce a zaɓi ɗaya, ko maraƙi ko jaririya. Muka zaɓi jaririya. Maraƙin ya yi kwana goma sha yana bin uwarsa yana kuka, sa'an nan ya kwanta a gindin waya bai tashi ba.

A gida ma ba daɗi. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana. Dusar da Rifkatu ta saba watsa wa kaji, sai ta riƙa mai da ita turmi ta sake dakawa ta haɗa da gari, tuwon ya yi baƙi yana kartar maƙogwaro. Ranar da na tambaye ta ko akwai dusar da zan kai wa saniya, ta nuna mini kwanon da ke gabana. Bazara ta shigo da zafin da ban taɓa ji ba. Rufin kwano yana ƙara da tsakar rana kamar ana jifansa. Sau biyu muka ƙara wa guga igiya, ruwan da ke fitowa kuwa sai an bar shi ya kwanta. A makaranta yara sukan kifa kai a kan tebur tun kafin sha ɗaya, ni da ban taɓa barin yaro ya yi gyangyaɗi a aji ba na riƙa kau da kai.

Mutanenmu ba su zauna ba. Kowace Asabar matan zumuntar ikilisiya sukan fita da buhuna, su tsinto 'ya'yan gawo, su bi gidajen Sabon Gari suna roƙon ɓawon rogo da na doya. Maza sukan bi Ja'e daji, ya hau itatuwan kawo da maɗaci da adda ya sassaro rassa, su jawo. Amma ba mu kaɗai ke da shanu ba. Kafin wata guda duk itacen da ke kusa ya koma gungume mai hannuwa, sai an yi tafiyar rabin yini kafin a sami ganye. Abin da aka samo, idan aka raba wa baki goma sha ɗaya, bai wuce a ɗanɗana ba.

Sai Ja'e ya zo da magana ta uku.

"Malam, a Sabon Gari akwai matan da ke dafa burkutu. Dusar da suke tacewa su zubar, saniya in ta samu, ciyawar nan ma sai ta narke mata a ciki. Kai ne ka san mutanen, je ka roƙo."

Ni dattijon ikilisiya ne a lokacin. Da bakina na sa mutum uku a horon ikilisiya saboda shan giya. Na ce masa, "Kai Musulmi, kai ne za ka aike ni gidan giya?"

"Ni ba zan sha ba, kai ba za ka sha ba. Saniya kuwa ba ta salla, ba ta zuwa coci."

Mako uku na yi ina ƙi. Na gaya wa kaina cewa ba a gyara da ƙazanta, kuma ruwa ya kusa. A cikin makonnin nan uku Kyauta ta kai matsayin da ba ta iya miƙewa da safe sai Ja'e ya kama wutsiya ya ɗaga.

Abin da ya karya ni ba gardama ba ce. Wata safiya na isa ƙofar Gwaggo Tabita da kwalbar da nonon cikinta bai wuce kaurin yatsa biyu ba. Tana zaune a kan tabarma, Ladi a cinyarta, tana tsoma tsumma a ruwan kunu tana sa mata a baki. Wuyan yarinyar ya yi siriri, kan ya yi mata nauyi. Gwaggo ta ɗaga kwalbar ta duba a haske.

"Malam, ba ta da lafiya ne?"

"Rani ne, Gwaggo."

"An ce ka tara mata ciyawa har ta fi mutum tsawo."

"Haka ne."

"To, Allah ya saka maka. Da ba kai ba, ban san yadda za ta yi ba."

Da aka tashi makaranta ban nufi Samaru ba. Na tura kekena cikin lungu har gidan wata da ake kira Maman Talatu, wadda mijinta yana cikin ukun da na sa a horo. Tsakar gidan cike da maza a kan benci, manyan tukwane suna tafasa, tsami da hayaƙi sun cika ko'ina. Da ta gan ni ta saki ludayi ta tafa hannu.

"Lale, lale! Yau Hedimasta da kansa! Ƙwarya nawa za a kawo? Ku matsa masa, ku ba shi benci mai kyau!"

Aka fashe da dariya. Na tsaya da hulata a hannu har suka gama, sa'an nan na faɗi abin da ya kawo ni. Ta daina dariya.

"Masu aladu sun riga ka. Tun wata biyu suke layi, da ka zo a lokacin da ko buhu nawa kake so ka ɗauka. Saniyar wa ka ce?"

"Ta Gwaggo Tabita."

Ta sunkuya ta ɗauki ludayinta. "Rabin buhu, duk bayan kwana uku. Don Tabita, ba don kai ba. Kuma kai za ka riƙa zuwa ɗauka, kada ka aiko mini kowa."

Haka na riƙa yi. Nakan ɗaure jiƙaƙƙen buhun a bayan keke, yana ɗiga, ƙudaje suna bi, in ratsa Sabon Gari in hau hanyar Samaru cikin rana, duk wanda na wuce ya juyo ya dube ni. Ja'e ya yi gaskiya. Shanun da ke da sauran ƙarfi, da suka sami ko tafi biyu a rana, idonsu ya buɗe, kashinsu ya yi laushi. Kyauta aka fi ba, amma takan sa baki ta ɗan ci, ta tsaya tana kallon ƙasa. Nono ya ƙafe ƙaf. Na daina biyawa ta ƙofar Gwaggo da safe, na riƙa zagayawa ta wata hanya.

Ruwan farko ya sauka wata ranar Laraba da la'asar. Iska ta fara zuwa, ta yaye rufin gidaje, sa'an nan ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suka fita tsirara suna ihu, Rifkatu ta jera duk wani mazubi da muke da shi a bakin indararo tana waƙar yabo. Ni ma na yi godiya. Ban san cewa dabbar da ba ta da kitse ruwan farko sanyi ne gare ta ba.

Da safe na tarar da Kyauta kwance a taɓo, tana rawar jiki. Ja'e ya kama wutsiya, na kama ƙaho, ba ta motsa ba. Muka kira maza huɗu daga Bomo, aka zura itace biyu a ƙarƙashin cikinta aka ɗaga. Ƙafafunta suka yi lilo kamar ba nata ba. Muka kafa gwafa huɗu, muka yi mata majanyi da buhu, muka rataye ta a tsaye. Na tambayi Ja'e kwana nawa toho zai yi kafin saniya ta iya kama shi da baki.

"Goma. In an sake ruwa."

"Za ta kai?"

Ya ɗaga fatar idonta ya nuna mini. Fari fat.

Kwana uku tana rataye. Na dama mata dusa da ruwan ɗumi ina ɗura mata da kwalba, rabi ya shiga rabi ya zube. A rana ta uku ta daina tuƙa. Ja'e ya ce, "Malam, kira mai ita, ka kira mahauci. In ta kai gobe mushe ce, ko fatar ba za ta amfane ta ba."

Gwaggo Tabita ta zo da Ladi a bayanta, ta sauka daga mota a Samaru ta ƙarasa da ƙafa. Tun ranar da ta sa mini igiya a hannu ba ta sake ganin saniyar ba. Ta tsaya nesa kaɗan, ta daɗe tana kallo, kamar tana neman tata a cikin sauran. Sa'an nan ta matsa ta dafa goshinta, ta yi mata magana a hankali, ban ji abin da ta ce ba. Ta juyo ta ce wa Ja'e, "Ɗan'uwa, hutar da ita."

Ja'e ya yanka. Jinin ma bai yi yawa ba. Mahaucin da muka kira daga Samaru ya feɗe, yana yi yana girgiza kai. Ya fasa ƙashin cinya, ɓargon ya zubo kamar ruwa. Da ya zo kan tumbi sai da ya danna wuƙa da hannu biyu. Mahautan yanzu suna cewa leda suke tararwa a cikin shanu. Wannan babu leda, babu ƙusa, babu wata cuta. Gambata ce, a cushe tam kamar cikin katifa, busasshiya, har ana iya gane karan. Ya riƙa zaro ta da hannu yana tarawa a gefe, tarin ya kai gwiwarsa.

"Ikon Allah," in ji shi. "Wannan ba ta taɓa kwana da ciki wofi ba. Amma kitsen da zan shafa wa wuƙa babu."

A nan, a gaban mahauci da mutanen Bomo, na gaya wa Gwaggo Tabita komai. Na faɗi abin da Ja'e ya ce a watan Yuli, da abin da ya ce a ƙarshen marka, da makonni ukun da na ɓata. Na ce ba rani ne ya kashe mata saniya ba. Ja'e ya juya baya ya tafi wajen sauran shanu tun ban gama ba.

Gwaggo ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta gyara goyonta, ta dubi kusurwar shinge na huɗu, inda sauran gambar da shanu ba su tattake ba take tsaye.

"Waccan da ta rage, wa zai ci?"

"Babu, Gwaggo."

"To, a yanko mini. Iskar ran nan ta kayar da dangar bayan ɗakina. Kwana huɗu ke nan ina wanka da zane a jikina."

Sauran shanu goma sun kai ga toho, ko da yake biyu ba su sake haihuwa ba. Wani gida cikin tara ɗin ya ɗauki nauyin nonon Ladi da saniyarsu ta dawo hayyacinta. Yarinyar ta rayu, sai dai ta yi shekara biyu da rabi kafin ta taka ƙasa da ƙafarta. Gwaggo Tabita ba ta sake mallakar dabba ba. Ta koma dakau a gidajen mutane har ƙarfinta ya ƙare.

Gambar kuwa ni na yanke ta da hannuna, ban bar kowa ya taɓa lauje ba. Ja'e ya saƙa zana shida, na ɗauke su biyu biyu a kan keke zuwa Sabon Gari, na haƙa rami na kafa dirka, na ɗaure su a bayan ɗakinta. Gwaggo ta fito ta tura da hannu, ta ga ba ta motsa ba, ta ce aiki ya yi kyau. Gaskiya ta faɗa. Zanar maƙwabta duk shekara biyu ake sakewa. Tata ta shekara bakwai a tsaye. Ko gara ba ta sami abin ci a jikinta ba.